Outlook na ta neman kalmar sirri alhali daidai ake sakawa: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gini a nan Jos, wajen Bauchi Road. Kwamfutar ofis laftof ce ta hannu, Windows 10 ce a kanta da Outlook 2016. Imel biyu ne a ciki: na kamfani mai sunanmu a ƙarshe, da Gmail ɗin da kwastomomi ke turo mana takardu. Tun makon jiya Outlook ke ta fito min da akwatin neman kalmar sirri. In saka, in danna OK, bayan minti biyu ya dawo. Na sa masa alamar ya riƙa tunawa, bai daina ba. Na canza kalmar sirrin Gmail har sau biyu, abin ma sai ya ƙaru. A waya kuwa Gmail na shigowa lafiya. Mai gyara ya ce sai an yi wa kwamfutar fomatin. Don Allah mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam Malama. Kafin mu yi nisa, kada ki yarda a yi fomatin. Zai iya tafiya da saƙonnin da babu su a ko'ina sai a cikin wannan laftof ɗin, kuma idan aka gama aka sake ɗora Outlook ɗin nan dai, akwatin zai dawo yadda yake, domin galibi tushen matsalar ba a cikin Windows yake ba. Ki kuma dakata da canza kalmar sirri, ki daina cika akwatin. Ki buɗe Outlook, ki je shafin Send/Receive, ki danna Work Offline. Wannan zai hana shi ci gaba da ƙwanƙwasa wa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye imel ɗinku a intanet, ƙofa har mu gano abin da ke faruwa.

Tambayarki ita ce: me ya sa manhaja ke ƙin kalmar sirrin da take daidai? Amsar tana cikin fahimtar abin da akwatin nan ke nufi. Ba cewa yake yi kin yi kuskure ba. Cewa yake yi ya je shiga an hana shi. Outlook kamar yaron da aka aika sito da mabuɗi ne: ko kwaɗon aka canza, ko maigadi ne ya kore shi, ko hanyar ce a rufe, magana ɗaya yake dawowa da ita, a sake ba shi mabuɗi. Don haka aikinmu shi ne mu gano wanda ya hana shi da kuma dalili, ba mu yi ta miƙa masa mabuɗin ba.

Wanne daga cikin biyun ke ƙara?

Tunda imel biyu ne a cikin Outlook ɗinki, ki mayar da shi kan layi na ɗan lokaci, ki karanta akwatin da kyau idan ya sake fitowa. Yana ɗauke da sunan sabar da adireshin da ake nema wa kalmar sirri. Idan kika ga imap.gmail.com ko smtp.gmail.com, Gmail ne. Idan kika ga sunan kamfaninku, ko wani suna mai kama da na masu ajiye shafin intanet, na kamfani ne. Mutane da yawa ba sa duba wannan layin, sai su yi ta zuba kalmar sirrin wannan akwati a gurbin wancan. Ki lura da kamannin akwatin ma. Akwai ƙarami mai launin toka da ke da gurbin suna da na kalmar sirri kawai, wannan tsohuwar hanya ce. Akwai kuma wanda ke buɗewa kamar shafin burauza da tambarin Google ko Microsoft, wannan sabuwar hanya ce. Bambancin yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Daga nan ki ajiye Outlook gefe, ki buɗe burauza a wannan kwamfutar, ki shiga kowane imel ta intanet kai tsaye. Shigowar saƙo a waya ba hujja ba ce cewa kalmar sirrin da kike bugawa daidai ce, domin waya ta riga ta shiga, ba ta sake tambaya a kowace rana. Gmail ki shiga ta mail.google.com bayan kin fita daga asusun gaba ɗaya. Na kamfani kuwa, idan irin wanda ake haɗawa da shafin intanet ne mai cPanel, wato manhajar da ake sarrafa sabar shafin da ita, ki rubuta sunan shafinku ki ƙara /webmail a ƙarshe. Idan burauza ta karɓa, kalmar sirrin daidai ce, matsalar tana tsakanin Outlook da sabar. Idan ta ƙi, to babu abin da za a taɓa a Outlook da zai yi amfani sai an warware wannan.

Akwai wani ƙaramin abu da nake dubawa a duk laftof ta hannu kafin komai. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a shagunan Ahmadu Bello Way da Terminus daga Ingila ko Amurka suka zo, kuma allon rubutun ƙasashen biyu ba iri ɗaya ba ne. A tsarin Amurka, Shift da 2 na ba da alamar @, a na Ingila kuwa alamar zance yake bayarwa. Shift da 3 na ba da # a na Amurka, a na Ingila alamar fam. Idan abin da ke rubuce a kan maɓallan ya saɓa da tsarin da Windows ke amfani da shi, za ki buga abu ɗaya wani ya fito, kuma ɗige-ɗigen da ke ɓoye kalmar sirri ba za su nuna miki ba. Ki buɗe Notepad, ki buga kalmar sirrin ki gani da idonki, sannan ki goge ba tare da kin ajiye ba.

Gmail, da dalilin da ya sa canza kalmar sirri ya ƙara dagula abin

A nan nake ganin rabin matsalarki yake. A ranar 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga Gmail na kowa da kowa da adireshi da kalmar sirri kawai. Tun daga lokacin, hanya biyu ce ta rage wa Outlook. Ko dai ya buɗe miki shafin Google ki shiga a can, Google ya ba shi wani tikitin izini da zai riƙa nunawa a madadin kalmar sirri, tsarin da ake kira OAuth. Ko kuma a ƙirƙira masa wata kalmar sirri tasa shi kaɗai mai haruffa 16, wadda Google ke kira App password.

Tunda Gmail ɗinku yana aiki a Outlook har zuwa makon jiya, wanda ya saita shi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ya bi. Kuma duka biyun suna mutuwa a ranar da aka canza babbar kalmar sirri: Google na soke duk kalmomin sirrin manhajoji, ya kuma soke tikitin da manhajojin imel ke riƙe da shi. Abin da ya fi kama da gaskiya a labarinki shi ne, akwatin farko na imel ɗin kamfani ne ko na wata matsala ta ɗan lokaci, kika ɗauka Gmail ne, kika canza kalmar sirri, sai Gmail ɗin ma ya katse. Yanzu kina saka sabuwar kalmar sirrin a ƙaramin akwatin toka, wurin da Google ba zai taɓa karɓar ta ba ko sau dubu kika buga ta daidai.

Gyaran ya danganta da irin Outlook 2016 ɗin da ke kan kwamfutar, domin iri biyu ne. Ki je File, sannan Office Account. Idan kika ga maɓallin Update Options, nau'in da ke sabunta kansa ne. Ki danna shi, ki zaɓi Update Now, ki bari ya gama. Bayan nan idan kika cire Gmail ɗin kika sake ƙara shi, shafin Google zai buɗe, ki shiga, ki amince, shi ke nan. Idan babu wannan maɓallin, tsohon nau'i ne da bai san shafin Google ba, sai hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce ki shiga asusun Google ta burauza, ki je Security, ki kunna 2-Step Verification, domin ba a samun kalmar sirrin manhaja sai da shi. Kafin ki kunna ki duba lambar wayar da ke kan asusun. A ofisoshi da yawa lambar wani ma'aikaci ce da ya bar aiki, ko layin da aka rufe tuntuni, kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kan layin da ba ya hannunku hanya ce ta rasa asusun baki ɗaya. Ki sa lambar da ke hannun mai kamfani, ki sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, a buga su a takarda a kulle a durowa. Sannan ki je myaccount.google.com/apppasswords, ki ba shi suna kamar "Outlook na ofis", zai nuna miki haruffa 16. Sau ɗaya yake nuna su. Su za ki saka a Outlook a gurbin kalmar sirri, ba tare da tazara ba. Saitin sabar shi ne imap.gmail.com a lamba 993 da SSL/TLS don karɓa, smtp.gmail.com a 465 da SSL/TLS ko 587 da STARTTLS don aikawa.

Kada ki saka su a akwatin da ke faɗowa. Ki bi ta File, Account Settings, ki zaɓi asusun, ki danna Change ko Repair, ki saka a can. Abin da aka saka a akwatin da ke faɗowa ba koyaushe yake zama ba, musamman idan ɓangaren karɓa da na aikawa kowanne na riƙe da tasa kalmar sirrin daban.

Masu Yahoo da Hotmail labarin ɗaya ne. Yahoo na buƙatar kalmar sirrin manhaja ko shafinsa na shiga. Microsoft ya rufe tsohuwar hanya ga Outlook.com da Hotmail da Live a ranar 16 ga Satumba 2024. Wanda ya saita Hotmail da hannu a matsayin POP ko IMAP, wato hanyoyi biyun da manhaja ke jawo saƙo daga sabar, ya cire shi ya sake ƙarawa, ya rubuta adireshin kawai ya bar Outlook ya zaɓi hanyar da kansa.

Imel ɗin kamfani

Wannan ya fi rassa, domin adireshi mai sunan kamfani yana iya zama a wurare daban-daban. A Account Settings akwai layin Type a gefen kowane asusu. Idan ya ce POP/SMTP ko IMAP/SMTP, akwai yiwuwar yana kan sabar da ke ɗauke da shafinku na intanet, kuma haka yawancin ƙananan kamfanonin da nake gani a Jos suke. Idan ya ce Microsoft Exchange, yawanci Microsoft 365 ne, wato imel ɗin kamfani da ke zaune a sabar Microsoft.

Mu fara da na farko. Sunan shiga dole ya zama cikakken adireshi, har da @ da abin da ke bayansa, ba rabin farko kawai ba. Lambobin su zama 993 ga IMAP ko 995 ga POP, 465 ko 587 ga aikawa. Lamba 25 kamfanonin sadarwa da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza, kada a dogara da ita. Akwai wani gurbi da aka rubuta Secure Password Authentication, sunansa na jan mutane su sa masa alama suna ganin ƙarin tsaro ne. Ki cire alamar, galibin irin waɗannan sabobin ba sa aiki da shi, kuma shi kaɗai ya isa ya jawo akwatin nan ba iyaka. A More Settings, shafin Outgoing Server, ki tabbatar akwai alama a layin farko da ke cewa sabar aikawa na buƙatar tantancewa, an kuma zaɓi Use same settings as my incoming mail server. Alamar cewa nan matsalar take ita ce saƙonni na shigowa, amma akwatin na faɗowa ne kawai idan kika danna Send.

Idan duk wannan daidai ne kuma ba wanda ya taɓa shi, sai mu duba abin da ya fi yawa a aikina: sabar ce ta toshe ku. Irin waɗannan sabobin suna da tsaro da ke ƙirga yawan ƙoƙarin shiga da ya faɗi daga adireshin intanet ɗaya, wato lambar IP da ake gane layin intanet ɗinku da ita, a cPanel sunansa cPHulk, wasu kuma suna ƙara wata katangar a kai. Idan ƙoƙarin ya kai wani adadi, sai a rufe wannan adireshin na wasu mintuna ko fiye, kuma a lokacin ko kalmar sirri ta gaskiya aka kawo za a ƙi ta. Wa ke yin ƙoƙarin da ke faɗuwa? Sau da yawa wata na'ura ce da aka manta da ita: tsohuwar wayar oga da ke kan Wi-Fi ɗin ofis da tsohuwar kalmar sirri, ko firinta mai aika sikanin ta imel, ko manhajar lissafi da ke tura rasit. Tana ta gwadawa kowane 'yan mintuna, tana jawo wa kowa a ofis rufewa. Outlook ɗinki ma, duk lokacin da kika danna OK da abin da ba a karɓa ba, ƙara wa ƙirgen yake yi. Shi ya sa na ce ki sa shi Work Offline.

Gwajin yana da sauƙi. Ki cire laftof ɗin daga intanet ɗin ofis, ki haɗa shi da hotspot na wata waya mai layin wani kamfanin daban, ki mayar da Outlook kan layi. Idan ya shiga nan take, adireshin ofis aka toshe. Sai a nemo na'urar da ke laifin a gyara mata kalmar sirri, a kuma roƙi mai kula da sabar ya cire toshewar. Akwai ƙarin wahala ga masu amfani da MiFi ko rauta mai sim: kamfanonin waya na raba adireshin intanet ɗaya ga mutane masu yawa, saboda haka kina iya gadon toshewar da wani wanda ba ki sani ba ya jawo. Kashe rauta na ɗan lokaci a kunna kan sa a sami sabon adireshi.

Sauran dalilan wannan ɓangaren ba sa buƙatar dogon bayani. Kuɗin hayar sabar ko na sunan shafin ya ƙare ba a sabunta ba. Akwatin ya cika maƙil. Satifiket ɗin tsaron sabar, wato shaidar da take nunawa cewa ita ce ta gaskiya, ya ƙare, ko sunan da ke kansa ya saɓa da wanda aka rubuta a Outlook. Na'urori biyu na jan akwati ɗaya ta POP a lokaci guda, sabar ta kulle wa ɗaya. Ko an sa Outlook ya riƙa duba saƙo kowane minti ɗaya, wani zagayen na hawa kan wani. Ctrl da Alt da S na buɗe wurin saita wannan. Asalinsa minti 30 ne, kada ki sauko da shi ƙasa da 5 zuwa 10. Lambar kuskuren da ke fitowa a ƙasan allo ma tana taimakawa: 0x800CCC92 na nufin sabar ta amsa amma ta ƙi shigar, 0x800CCC0E na nufin ba a ma kai ga sabar ba, wato a duba intanet da suna da lamba, ba kalmar sirri ba.

Idan kuwa Microsoft 365 ne, tun 1 ga Oktoba 2022 Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga. Outlook 2007 da 2010 ba sa haɗuwa da shi kwata-kwata. Na 2013 sai an kunna masa sabuwar hanyar a cikin rajistar Windows. Na 2016 ya iya, muddin an sabunta shi. Don ki ga hanyar da naki ke bi, ki riƙe Ctrl, ki danna ƙaramin tambarin Outlook da ke kusa da agogo da maɓallin dama, ki zaɓi Connection Status. A layin Authn, Bearer na nufin sabuwar hanya, Clear na nufin tsohuwa. Abin da ya fi rikita wannan ɓangaren shi ne asusu biyu a kwamfuta ɗaya: an kunna Office da asusun wani, akwatin imel kuma na wani ne, sai Outlook ya riƙa miƙa shaidar da ba ta dace ba. Ki duba File, Office Account, ki ga sunan wa ke sama. Ki duba Settings, Accounts, Access work or school, ki ga ko akwai asusun tsohon ma'aikaci ko na ofishin da laftof ɗin ya fito daga can ƙasar waje. Amma kada ki danna Disconnect a kan asusun da da shi ake shiga kwamfutar, sai da izinin mai kula da ita.

Abin da ke cikin kwamfutar kanta

Ki duba agogo, kuma ba lokacin kaɗai ba. Laftof ta hannu kan zo da yankin lokacin ƙasar da ta fito, sai wani ya gyara agogon da hannu ya daidaita da na Jos ba tare da ya canza yankin ba. A ido lokaci daidai ne, amma a lissafin kwamfutar ta kauce da awa 8 ko 9 idan a kan lokacin yammacin Amurka take. Tikitin izini da satifiket duk da lokaci suke aiki, saboda haka kaucewar na iya sa a ƙi su. A Settings, Time & Language, ki zaɓi West Central Africa, wato UTC+01:00, ki kunna Set time automatically, ki danna Sync now. Idan kwanan wata na komawa shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, ƙaramin batirin da ke kan allon cikinta ne ya ƙare. A kwamfutar tebur CR2032 ne, kuɗinsa kaɗan, canza shi aikin mintuna ne.

Sai ma'ajiyar shaidu ta Windows. Ki rufe Outlook da Word da Excel, ki buɗe Control Panel, User Accounts, Credential Manager, Windows Credentials. A ƙarƙashin Generic Credentials ki cire duk wanda ya fara da MicrosoftOffice16 ko MS.Outlook. Wannan ba ya share saƙo ko ɗaya, zai dai sa a tambaye ki shiga sabo. Wannan shawarar ita kowa ke fara bayarwa, amma a san iyakarta: tana aiki ga Microsoft 365 da Exchange da Gmail mai tikiti. Asusun POP da IMAP na tsohuwar hanya ba a nan Outlook ke ajiye kalmar sirrinsu ba, a cikin furofayil ɗinsa, wato kundin saitin asusunku, yake ajiyewa, a kulle da kalmar sirrin shiga Windows. Wannan ya sa idan an taɓa mantawa da kalmar sirrin Windows mai gyara ya fasa ta da ƙarfi, duk kalmar sirrin da aka ajiye a baya ba ta karantuwa, alamar "riƙa tunawa" ma takan daina aiki yadda ya kamata.

Don a cire zargi daga kan ƙananan manhajojin da ke manne wa Outlook, ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta outlook.exe /safe. Idan akwatin bai fito ba a haka, ki je File, Options, Add-ins, ki riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar kashe bairos mai binciken imel, da VPN, su ma suna shiga tsakani. Ki kashe sashen binciken imel na ɗan lokaci don gwaji, ki mayar da shi bayan haka.

Idan duk wannan bai yi ba, furofayil ɗin ne ya lalace, abin da ke yawan faruwa da laftof mai mataccen batiri da ke mutuwa farat ɗaya idan aka ɗauke wuta. Maganinsa sabon furofayil. Amma kafin nan a ajiye saƙonni, kuma nan ne dalilin da ya sa na hana fomatin. Idan asusun POP ne, Outlook a saitinsa na asali yana goge saƙo daga sabar bayan kwana 14. Duk wata takardar kwangila ko rasit da ta wuce haka, a cikin fayil ɗaya mai ƙarshen .pst take, a kan wannan laftof ɗin kaɗai. Ko a IMAP ma, lambobin mutane da kalanda da ke cikin jakar da aka rubuta wa This computer only ba su da kwafi a sabar. Ki je File, Open & Export, Import/Export, Export to a file, Outlook Data File, ki zaɓi saman asusun, ki sa alamar Include subfolders, ki ajiye a filashi ko hadis na waje. Bayan haka ki rufe Outlook, ki buɗe Control Panel, Mail, Show Profiles, Add. Ki ba shi suna, ki ƙara asusu ɗaya kawai, ki zaɓi Prompt for a profile to be used. Ki yi aiki da shi na yini guda kafin ki ƙara na biyun, ta haka za ki san wanda ke kawo akwatin idan ya dawo. Kada ki goge tsohon furofayil sai kin ga komai ya dawo a sabon.

Maganar manhajar kanta

Microsoft ya daina tallafa wa Office 2016 da 2019, da Windows 10, a ranar 14 ga Oktoba 2025. Suna ci gaba da buɗewa, amma duk sauyin da masu imel za su yi nan gaba, ba wanda zai gyara Outlook 2016 ya dace da shi. Idan kuma Office ɗin na fashi ne, irin wanda ake kunnawa da wata ƙaramar manhaja, sau da yawa an kashe masa sabuntawa ko an toshe masa hanyar zuwa Microsoft, kuma wannan kan hana shafin shiga buɗewa. Irin wannan ba na ɗaukar wa kowa alkawarin gyaran da zai ɗore. Ga ofis kamar naku mai Gmail da imel na cPanel, shawarata Thunderbird: kyauta ce ta halal, ana sabunta ta, kuma tana shiga Gmail da Yahoo da Microsoft ta sabuwar hanya. Idan ita ma ta fara tambaya, a duba cewa Authentication method na kan OAuth2, a kuma tabbatar ba a hana ta karɓar kukis ba, wato ƙananan bayanan da shafin intanet ke ajiyewa a kwamfuta, domin shafin shigar na buƙatarsu. Abin da za a sani kafin a koma shi ne ba ta buɗe fayil ɗin .pst kai tsaye, don haka tsofaffin saƙonnin POP sai an ɗauko su tun Outlook na kan kwamfutar.

Abin da ba ya hannunki

Toshewar sabar, ƙarewar kuɗin haya, lasisin da aka cire wa asusu, ko dokar da kamfani ya sa cewa kalmar sirri ta ƙare bayan wani lokaci, duk sai mai riƙe da mabuɗin sabar. Idan wanda ya yi muku shafin intanet shi kaɗai ke da shigar cPanel, lokaci ya yi da mai kamfani zai karɓi nasa kwafin a rubuce.

Ki kuma yi hattara da akwatin bogi. Wanda ya gaji da tambayar kalmar sirri shi ya fi saurin saka ta a inda bai dace ba, kuma 'yan damfara na turo saƙo mai cewa akwatinki ya cika ko an dakatar da shi, ki danna nan ki tabbatar. Shafin Google na gaskiya accounts.google.com ne, na Microsoft login.microsoftonline.com ko login.live.com. Idan a kwanakin nan kin taɓa saka kalmar sirri bayan danna mahaɗi a cikin saƙo, to wannan ne lokacin da canza ta ya zama dole, daga wata na'ura mai tsabta. Sannan ki duba Filters da Forwarding a Gmail ko an sa wata doka da ke tura saƙonninku wani wuri, domin ta haka ake satar takardun biyan kuɗi a canza lambar asusun banki.

Idan za ki kira mai kula da imel ɗin kamfani, ki tanadar masa abubuwan da za su rage masa lalube: hoton akwatin da sunan sabar a jiki bayan kin tabbatar gurbin kalmar sirri babu komai, lambar kuskuren, ranar da abin ya fara, sakamakon gwajin webmail da na hotspot, da adireshin intanet ɗin ofis wanda za ki samu idan kika rubuta "my ip" a Google. Da wannan adireshin zai bincika rajistar shiga ta sabar, ya ga asusun da ke faɗuwa da lokacin da yake faɗuwa. Kalmar sirrin kanta kada ki tura masa ta WhatsApp ko ta waya, ba ya buƙatarta don wannan binciken.